Awon Talata

Bakwai saura kwata, Aberdeen ba ta farka ba,
tsuntsayen teku ne kawai ke rigima kan kwandon shara.
Na sauka ɗakin ƙasa, na sa hula, na sa safar hannu,
na lulluɓe takalmi kamar mai shiga ɗakin tiyata.
A nan rana ba ta da ta cewa,
agogo ke kunna safiya, agogo ke kashe ta.

Ɓeraye arba'in da takwas, 'yan gida ɗaya,
kama kamar an tsaga kara.
Ran da suka zo, ko uwarsu ba ta bambance su.
Muka raba su biyu, muka raba musu akushi:
na hagu dunƙulen hatsi mai tauri, sai an gwagwiya,
na dama shuɗin curi na kitse da sukari,
mai narkewa a yatsa kamar man shanu a hantsi.

Yau mako goma sha biyu.
Na ɗauko na hagu, na sa a kwanon awo.
Giram ashirin da takwas. Ya yi tsalle yana neman hanya.
Na dama kuwa ya daina gudu,
zama yake a tafina, da ɗumi, da nauyi,
gashi na sheƙi kamar an yi masa shafe.
Lambobi suka yi rawa, suka tsaya: arba'in da shida.

Ɗigon jini ɗaya daga bakin wutsiya,
na'ura ta tsotse, ta yi ƙara, ta faɗi adadi.
Irinta na aika wa Baba a Funtuwa bara.
Shi ma haka yake miƙa yatsa, ya kau da kai.

Morag mai riƙe da littafi ta ce in sake na goma sha bakwai.
Na sake. Talatin da ɗaya.
Ci yake kamar gara, cikin masu cin maiƙo yake,
amma jiki ya ƙi karɓa.
Farfesa Dalgleish ya ce kar a share shi daga lissafi,
wanda ya ƙi bin layi shi ke ɗauke da labari.
An hana mu raɗa musu suna.
Ni dai a zuci Gagarau nake ce masa.

Da Kaka Tasalla ta ga wannan aiki, da ta riƙe haɓa.
Shekara saba'in tana yaƙi da ɓera a gindin rumbu,
da tarko, da toka, da kyanwar aro,
ga jikarta ta ƙetare teku
tana auna masa ci, tana tambayar lafiyar hantarsa.
Ita ke cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Kaka, a nan an rufe shari'ar sata,
warin daddawar muke aunawa.

Jumma'a za a buɗe su.
Na san abin da ke ciki, na gani a zangon baya:
hantar na hagu ja wur kamar ɓarin goro,
ta dama ta koɗe, ta kumbura,
kitse ya naɗe hanji kamar sawun auduga.
Kafin kowanne nakan yi bisimilla ƙasa-ƙasa.
Morag takan yi shiru na ɗan lokaci. Nata ke nan.

Ƙarfe ɗaya na fito, ruwa na zuba a kaikaice.
A kan kwana ƙamshin kifi da soyayyen dankali ya tare ni.
Rigar da na zo da ita daga gida
tun bara ta daina gaisawa da ƙuguna.
Na bi layi, na biya, maiƙo ya ratsa takarda,
ya taɓa yatsuna, na gane shi.
Ba wanda ya raba mu biyu, ba wanda ya rufe ni,
da ƙafata na zo kejin dama.

Na ci rabi a tsaye.
Wani tsuntsu ya sauka kan katanga yana kallon sauran
da ido ɗaya, kamar mai shirin rubuta adadi.